Fuloti Biyu da Shanu Suka Ci

A ƙarshen shekarun saba'in, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na samu aiki a wani ofishin gwajin iri a Samaru. Aikin ba shi da wuyar bayani. Ana shuka dawa iri goma sha biyu a ƙananan fuloti, kowane iri fuloti shida a warwatse cikin gona. In kaka ta yi a girbe, a sussuke, a auna abin da kowane fuloti ya bayar, mai kula da gona ya rubuta a takarda ya aiko mana. Mu kuma a ofis mu tara, mu raba, mu ce ga irin da ya fi bayarwa. Abin da muka ce shi ake ɗorawa a kai wajen zaɓen irin da za a ci gaba da gwadawa.

Na tarar da wani dattijo akawu, mutumin unguwar Jama'a, wanda kowa ke ce wa Baba, har shugaban sashenmu da muke kira Dakta. Baba ya fi shekara ashirin yana wannan lissafi da injin hannu, wani baƙin ƙarfe mai girman bulo da mariƙi a dama. Ka saita lambobi da 'yan ƙananan kunnuwa, ka juya mariƙin gaba ya tara, ka juya baya ya ɗebe. In rabawa ce sai ka yi ta juyawa baya har wata 'yar ƙararrawa ta ce ƙil, sannan ka dawo taku ɗaya. Leburori suna ce masa injin markaɗe, in sun zo wucewa ta taga su tambayi Baba ko yau akwai ƙosai. Yakan ce musu su kawo wake. Ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci yana ɗiga wa injin man keken ɗinki, ya rufe shi da wani ƙyalle mai shuɗi da aka ɗinka masa a gida daidai jikinsa.

Akwai abin da yake yi da ni a lokacin nake ganin ɓata lokaci ne. Takarda in ta zo daga gona ba ya taɓa injin tukuna. Sai ya shimfiɗa ta, ya bi ta layi-layi da ɗan yatsa, fensir a ɗaya hannun, leɓensa na motsi kamar mai tilawa. Wani lokaci ya aika a kira mai kula da gona, su tsaya suna magana ƙasa-ƙasa a kan layi guda, sai ya rubuta 'yar kalma a gefe. Takarda ɗaya takan ci masa rabin safiya kafin a ji ƙarar mariƙi.

A shekarar da na zo aka kawo sabuwar na'ura. Yaran yanzu in sun gan ta dariya za su yi, amma mu kwamfuta muke ce mata, kuma ina jin ba mu yi ƙarya ba. Kan tebur ake ɗora ta, tana da maɓallai kamar tafireta, da siririn gilashi da lambobi ke fitowa ja, da ɗan nadin takarda da take buga amsa a kai. Akwai kati mai tsawo da ake zura mata, a cikinsa aka adana umarnin aikin. Wanda ya zo ya haɗa ta ya bar mana katin dawa: ka ba ta lamba shida, ta tara, ta raba da shida, ta buga. Ya kwana biyu ya koma inda ya fito.

Da yake ni ne mai digiri mafi ƙarancin shekaru, a teburina aka ajiye ta. Ba zan ce na yi murna ba. Tsoronta nake ji. Littafinta na karanta shi sau uku, na ja layi a ƙarƙashin duk wurin da aka ce kada a yi kaza. Ba na shan shayi kusa da ita. In hadari ya haɗo nakan zare wayarta daga bango tun kafin a fara walƙiya. Baba ya zo ya tsaya a kanta ranar farko, hannuwansa a baya, ya tambaye ni ina mariƙinta. Na ce ba ta da shi. Ya ce to Allah ya sa albarka, ya koma wurinsa.

Dakta ya ce a wannan kakar mu yi lissafin mu biyu, kowa da tasa, a gani ko amsa za ta zo ɗaya. In ta zo, sai a koma kan sabuwar a hankali. Baba ya yi kwana tara. Ni na gama a yini ɗaya, na sake yi washegari don in tabbata, na kuma sakewa a rana ta uku.

A layin iri na bakwai akwai gurbi biyu da ba a rubuta komai ba. Na tuna sarai na tsaya a wurin. Kwamfutar ba ta wucewa sai ta karɓi lamba shida, tana nan tana jira, gilashin na ƙyafta mini. Na ce a raina ai babu ita ce sifili. Na danna sifili sau biyu, ta karɓa, ta buga amsa. A jami'a an koya mana abin da ake yi in fuloti ya salwanta, har ya fito a jarrabawa, kuma na ci. Ban san inda karatun ya tafi ba a wannan safiya. Abin da na sani, Baba yana zaune taku huɗu daga inda nake, kuma ban so in tashi daga gaban na'urar da aka damƙa mini in je in tambayi mai injin markaɗe ba.

Da aka jera takardunmu a ofishin Dakta, iri goma sha ɗaya sun zo daidai har ɗigo. Na bakwai ne kaɗai ya saɓa, kuma ba kaɗan ba. A lissafin Baba shi ne kan gaba. A nawa yana can kusa da ƙarshe. Dakta yana da tafiya a ranar, direba na jiransa a waje, yana magana yana cusa takardu a jaka. Ya tambayi Baba, Baba ya ce nasa dai haka ya fito. Sai ya juyo gare ni ya ce ni me na gani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya cewa tabbas ba. Ita dai sabuwar ba ta da haƙoran da za su cinye. Wataƙila tsohon injin ne ya gaji, ko kuma dai..."

Ban ƙarasa ba. Amma da na ce "ko kuma" idona ya sauka kan tabaran Baba, wanda ƙafarsa ɗaya ke ɗaure da zare. Ban yi niyya ba, ko in ce ban san na yi niyya ba. Dakta ya bi idona da nasa. Baba ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya mayar.

Dakta ya ce in kai injin Sabon Gari a duba shi. Kafin nan, tunda babu abin da Baba zai yi a tebur, ya ɗan taimaka a sito wajen ƙirga iri da rubuta ambulan. Na ɗan lokaci, in ji shi. Siton yana bayan gini, rufin kwano, babu fanka, kuma aikin da ake ba sabon ɗauka ne. Baba ya ce to, ranka ya daɗe. Ya naɗe shuɗin ƙyallen ya ajiye a tsakiyar teburinsa.

Na yi mako biyu ina ɗage tafiyar, yau babu mai a babur, gobe aiki ya yi yawa. A cikin kwanakin nan sau biyu ina zuwa da safe in tarar da takardar gona a kan teburina, a buɗe, alhali na san a fayil na bar ta. Na zaci masinja ne ke birkita mini kaya. Na mayar da ita.

Ranar da na tafi, na ɗaure injin a bayan babur da roba, na sa takardar a aljihu don a yi gwajin da ita. Na bi ta Kwangila a hankali, duk rami sai na kai hannu baya na taɓa. Shagon gyaran yana wani lungu bayan kasuwa, tsakanin mai ɗinkin katifa da wata coci mai fentin ruwan ƙwai. Mai gyaran mutumin Kudu ne, amma haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Tafiretoci da agogon bango sun cika masa shago har ƙofa. Tun kafin in kwance robar ya ce wannan ai injin Baba ne, me ya same shi.

Na ce ana zargin ya fara kuskure.

Ya ce, "Wa ke zargin, Oga? Mutum ne ko iska?"

Na ce daga ofis ne dai.

Ya buɗe bayan injin ya leƙa da tocila, ya shinshina, ya ce man jiya-jiya ne a ciki. Ya jera lamba tara-tara daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙara ɗaya, ya juya mariƙin sau guda. Lambobin suka kife gaba ɗaya suka koma sifili, ƙararrawa ta buga. Ya ce injin da haƙorinsa ɗaya ya ci ba ya yin haka. Ya ce wannan injin sai ya binne mu duka biyu, ya kuma yi wa jikokinmu lissafin gado. Ya ce in kawo aikin da aka ce ya ɓata a gani.

Na fito da takardar. Ina karanta masa lambobin iri na bakwai yana sawa yana juyawa. Na karanta uku, na zo gurbi, na ce sifili. Hannunsa ya tsaya a kan mariƙin.

"Sifili suka auna, ko ba su auna ba?"

Ya karɓi takardar ya matsa bakin ƙofa inda akwai haske. A gefen kowane gurbi, da fensir mai laushi, ƙanana ƙwarai, an rubuta "shanu". Rubutun Baba ne. Fulotan nan biyu suna bakin burtali, shanu sun fasa shinge sun cinye dawar tun tana ɗanya. Ba a auna komai ba don babu abin aunawa, ba don irin ya ƙi bayarwa ba. Na riƙe takardar nan sau nawa ban sani ba, lambobi kawai nake kallo.

Mai gyaran ya yi dariya har da dafa tebur. "To Oga, buhu huɗu ka auna, ka raba da shida. Sauran biyun cikin saniya za ka shiga ka auno?"

Ya ƙarasa tarawa, ya saita huɗu, ya juya baya. Ƙararrawa ta ce ƙil. Amsar Baba ce ta fito, ba ɗigon da ya canja. Ya dube ni, ina jin ya ga fuskata, don dariyar ta tsaya. Bai ƙara tambayar wa ke zargin ba. Ya taya ni ɗaure injin, ya ja robar da ƙarfi, ya ce in gaishe masa da Baba, in ce masa amaryarsa lafiyarta ƙalau.

A hanyar komawa na tsaya ƙarƙashin wani mangwaro na kashe babur. Na tsara abin da zan faɗa wa Dakta, jimla uku gajeru, na maimaita su har na haddace. Washegari na tare shi a baranda yana sauri zai shiga taro. Abin da ya fito daga bakina shi ne an duba injin, an ce babu wata babbar matsala, lissafin ma an sake bi, da alama na Baba ya fi kusa da daidai. Ya ce madalla, a gyara rahoton, ya wuce. Bai tambayi wa ya sake bi ba, bai tambayi ina kuskuren yake ba, ni kuma na ji sanyi a raina da bai tambaya ba. Na gyara rahoton, iri na bakwai ya koma kan gaba. Injin na sa shi cikin kabad.

Na gaya wa kaina cewa tunda gaskiya ta fito a takarda, Dakta zai tuna ya dawo da Baba da kansa. Mako ya wuce, wata ya wuce. Kwamfuta tana cinye aikin kwana tara a yini guda, babu wanda ya ji rashin kowa a ofis. Hanyata ta zuwa inda nake ajiye babur ta gaban sito take. Baba na zaune kan benci da faranti a cinya yana ƙirga ƙwayar dawa, in ya gan ni ya ce, "Malam mai kwamfuta, an tashi lafiya?" Babu zolaya a muryarsa, ko kuma ni ban iya jiyo ta ba. Na koma ajiye babur a ɗaya gefen ginin.

Wata rana mai buga tafireta, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce in duba mata wata kalma a wasiƙar da take bugawa. Wasiƙar ta mayar da Baba sito ce dindindin. A wurin dalili an rubuta cewa an samu na'urar da ta maye aikin, kuma an lura shekaru sun fara taɓa daidaiton lissafinsa. Na duba mata kalmar. Daidai ta rubuta ta. Wasiƙar ta tafi sama a ranar.

Ran Asabar bayan la'asar na tafi Jama'a. Sai da na tambayi mutum biyu kafin na gane gidan. Na same shi a zaure kan tabarma yana feƙe fensir da reza, da littafin sito a gefensa, ya zo da shi gida yana ja masa layi. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi mutanen gidanmu da bai taɓa gani ba. Aka kawo ruwa a kwanon sha. Na fara da cewa akwai wata 'yar magana da wataƙila ya kamata a ce an yi tun tuni. Ya ci gaba da feƙe fensirinsa yana jira. Na ga in na bi ta wannan hanya zan fita zauren nan ban faɗi komai ba.

Na ce, "Baba, kuskuren nawa ne. Sifili na sa a fulotan da shanu suka ci. Naku daidai ne tun farko, kuma na san haka wata biyu ke nan ban faɗa ba."

Ya hure garin fensir daga cinyarsa. Ya ce ya yi zaton haka. Bai san cikin sabuwar na'urar ba, amma da ya ga inda aka saɓa, ya san ba za ta wuce wurin shanun nan ba. Ya ce shi ne ya ajiye mini takardar a tebur, sau biyu, da sassafe kafin ya wuce sito.

Na ce me ya hana su faɗa a gaban Dakta.

"Wata nawa kake da shi a aikin a ranar? Ko takardar tabbatarwa ba a ba ka ba. In na ce yaron da kuka ba na'ura bai iya karanta takardar gona ba, ko dai su yarda in kashe maka gaba, ko su ce tsoho yana kishi. Na ce bari ya gani da kansa, ai yana da ido." Ya ajiye rezar. "Ka gani ɗin kuma. Bakin ne ya yi nauyi."

Na ce su yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya tura mini kwanon ruwan. Sai ya tambaye ni mai gyara ya ce me game da injin. Na isar masa da saƙon amarya, wata biyu a makare. Ya yi dariya sosai, ya ce wannan mutum ba zai shiryu ba. Ya tambaya ko ana ɗiga mata mai. Na ce a'a. Wannan ne kaɗai wurin da na ga ransa ya ɗan ɓaci.

Ran Litinin na shiga ofishin Dakta na rufe ƙofa, na faɗa masa jimlolin nan uku na ƙarƙashin mangwaro, na ƙara da maganar tabarau. Ya ce me ya hana ni faɗa tun ranar da na dawo daga Sabon Gari. Na ce tsoro. Ya ce wasiƙa ta riga ta tafi, an ma soke gurbin akawun lissafi daga tsarin ma'aikata, amma zai rubuta wata. Ya rubuta, na gani da idona, ya ce a cire maganar shekaru daga fayil ɗin Baba. Ko an cire ban sani ba. Amsar mayar da shi teburinsa dai ba ta zo ba har ya yi ritaya da damina ta biyu. A sito ya ƙarasa.

Abin da Dakta ya iya yi a ikonsa ya yi. Ya ce daga ranar babu takardar gona da za ta shiga kwamfuta sai ta bi ta hannun Baba, kuma ni zan riƙa kai masa da kaina. Haka na yi kaka biyu, ta rani da ta damina. In tsaya a ƙofar sito cikin zafin kwano, leburori na wucewa da buhuna suna kallona, Baba ya ajiye farantin iri ya shimfiɗa takardar a gwiwa, ya bi ta da ɗan yatsa. Ba ya sauri don ina tsaye. Wani lokaci ya aika ni in kira mai kula da gona, in je in kira. In ya gama ya miƙo mini ya ce, "Layi na huɗu, gara ta ci. Ka gaya wa kwamfutarka biyar ne."

Katin da ke raba da shida kuwa sai da na koyi yadda ake rubuta wani, wanda ke tsayawa ya tambayi fuloti nawa aka auna. Ya ɗauke ni mako uku da littafin a buɗe. Na kai wa Baba nadin takardar farko da ta buga da shi, na nuna masa inda take tambayar. Ya ɗaga tabarau ya duba, ya ce to ta fara hankali, ya mayar mini.

Teburinsa ya zauna babu kowa har aka ɗora masa fayiloli. Ƙyallen na ɗauke shi na rufe injin a cikin kabad. Ran Juma'a nakan buɗe in ɗiga mai, ko da yake ban taɓa tabbata ramukan da nake ɗigawa su ne waɗanda yake ɗigawa ba, kuma ban iya zuwa sito na tambaye shi wannan ba.